Iya Mai Daddawa da Mafarkin Yarinyar Maƙwabta

Iya ba 'yar garinmu ba ce. Aure ne ya kawo ta ƙasar Ringim daga wani ƙauye na arewacin Gumel tun tana yarinya, ta zauna da mijinta har Allah ya yi masa rasuwa. Ta yi ta wabi, 'ya'yanta ba sa kai yaye, sai namiji ɗaya da ya tsaya, shi ma ya tafi kudu neman kuɗi ya daɗe bai leƙo gida ba. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan garin ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasunsu sun yi nadama. Amma labarin ya kamata a ji shi, saboda abin da ya same ta yana samun wata tsohuwar a wani ƙauyen kusan kowace damina.

Sana'arta daddawar kalwa, kuma sai an san yadda ake wannan aiki kafin a gane yadda bala'in ya faro. Kalwa ɓawonta tauri gare shi. Ana ɗora ta a babbar tukunya tun da yamma, a kwana ana iza wuta ana ƙara ruwa har gari ya waye. In ta yi laushi a zuba a turmi da ɗan toka ko yashi a surfe, a wanke, ɓawon ya taso a zubar. A sake dafa ta da 'yar kanwa, a tsane, a juye a kwando da aka shimfiɗa wa ganye, a lulluɓe da buhu da tsummoki a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku, har ta yi yauƙi warinta ya tashi. Sannan a kirɓa, a faffaɗa, a shanya. In sanyi ya shige ta ko gishiri ya taɓa ta kafin ta nuna, aikin ya lalace, kuɗin kalwa da na itace sun tafi. Saboda haka mai daddawa ba ta barin tukunyarta. Da damina kuma itace jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya fi wuta yawa. Duk wanda ya leƙa gidan Iya da daddare abin da zai gani ke nan: tsohuwa ita kaɗai, a tsugune gaban ƙatuwar tukunya, idanunta jajur saboda hayaƙin shekara da shekaru. Mata sun daɗe suna ƙus-ƙus a kan waɗannan idanu. Ba wanda ya taɓa faɗa mata a fuska.

A cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, wata yarinya 'yar shekara tara a gidan da ke bayan nata ta kwanta zazzaɓi. Ita ce ake aike wajen Iya sayen daddawa kusan kullum da magariba. Maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bayarwa duk wata da damina na yara ne 'yan wata 3 zuwa wata 59, ita ta wuce. Aka yi ta ba ta farasitamol da jiƙe-jiƙe. A dare na uku jikinta ya yi zafi rau, ta fara sambatu, ta zabura tana ihu tana cewa ga Iya nan ta riƙe mata ƙafa za ta jefa ta a tukunya.

Kafin hantsi ƙofar gidan Iya ta cika. Samari suka ture dangar, suka fasa tukwane biyu, suka watsar da kalwar da ke kwando. Abin da ake nema shi ne wanda aka saba nema: ta fito ta tsallaka yarinyar, ta saki kurwarta. Wani ma yana cewa a matsa mata ta amayar da ƙanƙara.

A dubi wannan buƙata da kyau, domin tarko ce da ba ta da ƙofar fita. In ta yarda ta tsallaka, ta amsa laifi da kanta. In ta tsallaka yarinya ta warke, an tabbatar. In ta ƙi, an ce taurin kan mayu ne. In yarinya ta mutu, an ce ta cinye ta. Babu wani abu guda da zai iya faruwa a ce, to, ashe ba ita ba ce. Duk zargin da babu abin da zai iya ƙaryata shi, ba a bincike aka gina shi ba, kuma wanda aka ɗora wa shi ya riga ya sha hukunci tun kafin ya buɗe baki.

Limamin garin, dattijo ne da ya yi karatunsa na littattafai a zaure, ya iso ana cikin haka. Abin da ya yi da kuma jerin da ya bi su ne nake so a riƙe. Bai fara da wa'azi ba, don taron da ya fusata ba ya jin aya. Ya shiga ya kama hanya da Iya a gabansa, ya kai ta cikin gidansa wajen iyalinsa, ya zauna a bakin zaure. Ya aika yaro ya kira dagaci. Sannan ya sa aka kira uban yarinyar shi kaɗai, ya tambaye shi kwana nawa da fara zazzaɓin, ko ta yi jijjiga, ko tana gane uwarta, ko tana iya shan ruwa ya zauna. Uban ya ce kwana uku, ta yi jijjiga da asuba, kuma tun dare ba ta gane kowa.

Malam ya ce, "To ka ga, maganar Iya za ta iya jira har gobe, tana gidana, ba inda za ta. 'Yarka ce ba za ta iya jira ba. Ɗauko babur."

Wannan ita ce hikimar. Bai ce wa mutumin da ke cikin firgici imaninka banza ne ba. Ya raba masa abu biyu, ya nuna masa wanda ke da gaggawa.

A asibitin da ke kusa aka ɗiga jinin yatsarta a ɗan tsinken gwaji, cikin minti 15 zuwa 20 layi biyu suka fito. Zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani wanda ya taɓa ƙwaƙwalwa. Irin wannan ba a fara shi da ƙwaya, domin mara lafiyar ba ya iya haɗiya. Allurar atesunet ake yi, ta farko nan take, ta biyu bayan awa 12, ta uku a awa 24, a ci gaba sau ɗaya a rana har ya iya sha, sannan a ba shi cikakken maganin haɗi na kwana 3, safe da yamma. Ana kuma duba sukarin jini da yawan jinin, don su biyun suna faɗuwa su kashe yaro ko da an kashe ƙwayar cutar. Inda ake yin asara shi ne jinkiri. Awannin da ake ɓatawa a ƙofar gidan wadda ake zargi su ne awannin da allurar ta fi amfani. Haka abin yake da sanƙarau lokacin zafi, da taifot in ta yi nisa, dukkansu suna sa sambatu, kuma mai sambatu sunan wanda ya sani yake kira.

Da dare, tsakanin magariba da lisha, dattawa suka taru a zauren Malam, dagaci yana nan. Kawun yarinyar, mutum mai hankali wanda ba ya cikin masu fasa tukwane, ya yi tambayar da ke zuciyar kowa.

"Allah gafarta Malam, ashe mafarki ƙarya ne? Annabi Yusufu ba mafarki ya yi ya tabbata ba? Kuma yarinya ƙarama me ta sani da za ta ƙaga wa tsohuwa?"

Malam ya ce ba ta ƙaga ba, ta ga abin da ta ce ta gani. Tambayar ita ce daga ina abin ya zo. Ya kawo hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim, cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni da shi a ransa ya dawo masa cikin barci. Mafarki nagari yanki ne ɗaya daga yanki 46 na annabta, wannan ba musu. Amma mai mafarkin ba ya farkawa da takarda a hannu da ke cewa nasa daga wane kashi yake. Yarinyar da ke zuwa gidan Iya kullum ta ga wuta da tukunya, ta kuma sha jin manyan mata suna cewa a yi hankali da tsohuwar nan, in zazzaɓi ya dafa mata kai me ake tsammani za ta gani?

Sai ya juya kan Suratu Yusuf ɗin da aka kawo masa hujja da ita, kuma a ganina nan ne maganarsa ta fi ƙarfi. Surar cike take da mafarkai: taurari goma sha ɗaya da rana da wata, mafarkin fursunoni biyu, shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu. Amma a cikin surar nan guda, da aka zo zargin mutum da laifi, ba a ce kowa ya je ya kwanta ya gani ba. Riga aka duba, ta gaba ta yage ko ta baya. Da sarki ya so sanin gaskiyar abin da ya kai Yusufu kurkuku, matan ya tara ya tambaye su. Kuma abu na farko da Annabi Yaƙubu ya gaya wa ɗansa game da mafarki shi ne kada ya ba 'yan'uwansa labari.

Malaman mazhabarmu sun daɗe da rufe wannan ƙofa. Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a shekara ta 790 bayan hijira, ya kawo cewa an tambayi Ibn Rushdi, wani babban malamin Andalus da ya gabace shi, game da alƙalin da adilai biyu suka ba da shaida a gabansa, sai ya yi mafarki da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ce masa kada ya yi hukunci da shaidar. Amsar ita ce bai halatta ya bar shaidar saboda mafarkin ba. A duba nauyin wannan. In mafarkin da aka ga Annabi a ciki bai isa ya ture shaidu biyu ba, ina ga sambatun yarinya mai zazzaɓi ya isa ya kori mace daga gidanta? Shaɗibi ya kuma kawo labarin alƙali Shariku da halifa Mahadi, wanda ya so kashe shi saboda ya gan shi a mafarki yana juya masa baya. Alƙalin ya tuna masa cewa mafarkinsa ba na Annabi Ibrahimu ba ne, kuma ba a zubar da jinin Musulmi da mafarkai. Kiran salla ma da Abdullahi ɗan Zaidu ya gani a barci bai zama shari'a ba sai da Annabi ya tabbatar da shi a farke. A ƙasarmu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta cewa yana ɗan shekara 40 aka nuna masa Shehu Abdulƙadir Jilani yana ɗaura masa takobin gaskiya, wajen 1794 ke nan. Bai yi hijira zuwa Gudu ba sai 1804, kuma da ya zo kafa wa mutane hujja, aya da hadisi da maganganun malamai ya jera musu.

Wani daga cikin dattawan ya kawo maganar kambun baka, ya ce ai Annabi da kansa ya sa wanda ya yi wa wani ido ya yi wanka a zuba wa mara lafiya, to mene ne bambancinsa da tsallakawa? Tambaya ce mai kyau, kuma hadisin yana cikin Muwaɗɗa: Amiru ɗan Rabi'a ya ga Sahlu ɗan Hunaifu yana wanka, ya yaba kyan fatarsa bai sa albarka ba, Sahlu ya faɗi. Ba wanda ke musun ido ko sihiri. Amma a lura da yadda aka yi. Magana ce da aka faɗa a farke, mutane suka ji da kunnensu. Ba a daki Amiru ba, ba a fasa masa kaya ba, ba a sa masa suna da zai bi 'ya'yansa ba. An yi masa faɗa, ya yi wankan, ya ci gaba da zama sahabi cikin sahabbai. Wanda ya ɗauki wannan ya halatta tsiraita tsohuwa a gaban samari ya ɗora wa hadisin abin da ba ya cikinsa.

Akwai tambaya a ƙarƙashin duk wannan wadda ta fi ƙauyenmu tsufa. Mai mafarki, yana cikin mafarkin, ba ya shakkar abin da yake gani. To da me za a rarrabe? Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya ba da labarin yadda wannan tunani ya kama shi: in ina gaskata abin da nake gani a barci har sai na farka, me ya tabbatar mini babu wata farkawa a gaba da za ta mai da wannan rayuwar kamar barci? Ya ce ya yi kusan wata biyu a cikin wannan hali, kuma ba jerin hujjoji ne suka fitar da shi ba, haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. Dekart, masanin falsafa na Faransa, ya sake tayar da tambayar a 1641. Can a ƙasar Sin, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai hikima ya ce ya yi mafarki ya zama malam-buɗe-littafi, da ya farka ya rasa ko shi mutum ne da ya yi mafarkin ƙwaro ko ƙwaro ne ke mafarkin mutum. Ba na raina wannan tambaya. Amma duk zurfinta, akwai bambanci guda da ya ishe mu zaman tare: abin da ya faru a farke yana barin sawu wanda wani zai iya zuwa ya duba, yana kuma haɗuwa da jiya da shekaranjiya. Daren da yarinyar ta yi ihun an yi ruwa, tsakar gida caɓi ne, babu sawun kowa. Ƙyauren ɗakin a ɗaure yake ta ciki. Uwar yarinyar tana zaune a kanta ba ta runtsa ba, ba ta ga kowa ba. Mafarki kuwa mutum ɗaya ne ke shigarsa, ba ya iya kiran wani ya zo ya taya shi gani.

Za a ce ai ba jikinta ne ya je ba, kurwarta ce. To a bi maganar har ƙarshenta. Allah ya faɗa a Suratuz Zumar, aya ta 42, cewa shi ke karɓar rayuka lokacin barci, ya riƙe wanda ajalinsa ya yi ya sako sauran. Ran mai barci ba a hannunsa yake ba. Hadisin kuma sananne ne cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mai taɓin hankali har ya warke. Mutum ba a rubuta masa abin da shi da kansa ya aikata a cikin mafarkin kansa. Ta yaya za a kama wata da abin da ta aikata a cikin mafarkin wani?

Wannan ƙa'ida ta ɗauke alƙalami tana da rassa da mutane ke yawan tambaya a ɓoye, cikin kunya. Wanda ya yi mafarki yana saɓo da matar da ba tasa ba, ko ya ga ya kashe mahaifinsa, babu zunubi a kansa. In ya farka ya ga jiƙa wanka ya wajaba, in bai gani ba babu komai, mace da namiji duk ɗaya, kamar yadda aka amsa wa Ummu Sulaim. In da rana ne cikin azumi, azuminsa na nan. Wanda ya furta saki cikin magagin barci, matarsa na nan. Wanda barci ya kwashe har rana ta fito, ya yi sallar da ya farka, haka ta faru da Annabi da sahabbansa a hanyar dawowa daga Haibara. Sai dai fiƙihu ya raba zunubi da ramuwa. Mai barcin da ya juya ya shure tulun wani ya fashe, ba shi da zunubi amma zai biya, domin tulun ya fashe a duniyar da kowa ke gani. Abin da ya tsaya a cikin kai kuwa babu mai binsa bashi.

Inda alhaki yake farawa shi ne bayan an buɗe ido. Sunna ta tsara abin da mai mugun mafarki zai yi: ya yi tofi a hagunsa sau uku, ya nemi tsari daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, ya juya ɗaya gefen, in ya so ya tashi ya yi salla, kuma kada ya gaya wa kowa. Wannan na ƙarshen shi ake karyawa, kuma shi ne ke haifar da ɓarna. Wani baƙauye ya zo wa Annabi ya ce ya ga an sare kansa yana bin kan da gudu, aka ce masa kada ya riƙa ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ke yi da shi cikin barci. Risala, wadda kowane almajirin zaure ya karanta, ta ce wanda ba shi da ilimin mafarki bai kamata ya fassara shi ba. Da aka tambayi Imam Malik ko kowa na iya fassara, sai ya mayar da tambaya, ya ce da annabta ake wasa? Ana ba da labarin Ibn Sirina, mashahurin mai fassarar mafarki, cewa mutum biyu sun ce masa sun yi mafarki suna kiran salla, ya ce wa ɗaya zai yi aikin hajji, ɗayan kuma ya fassara masa da sata, saboda halinsu ya bambanta. Ke nan ɗan littafin fassarar mafarki da ake saya a kasuwa, a buɗe shafin maciji a ce maƙiyi ne, a fara lissafin kishiyoyi da maƙwabta, ba ilimi ba ne. Haka masu cewa za su yi istihara su kwana su ga ɓarawo. Istihara raka'a biyu ce da addu'a da mutum ke yi don neman zaɓin Allah a kan abin da yake shirin yi, babu sharaɗin mafarki a cikinta, balle nuna mai laifi.

Kwana biyu da faruwar abin, wata mata ta fito ta ce ita ma ta taɓa ganin Iya a mafarki tana bin ta. Wannan kusan kullum yana biyo baya, kuma yana da hanyar bincike. A tambayi mai maganar ita kaɗai, ba a gaban taro ba: yaushe kika yi mafarkin, wa kika fara gaya wa, kafin yarinyar ta kira suna ko bayan nan? Malam ya yi mata waɗannan tambayoyi ta bakin matarsa, ya kuma sa aka karanta mata hadisin Ibn Abbas da ke Buhari, cewa wanda ya ƙaga mafarkin da bai gani ba za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar ƙiyama, kuma ba zai iya ba. Ta ce ita dai ta ga wata mata, ba ta ga fuska sosai ba. Mai yiwuwa ba ƙarya ta yi da gangan ba. Mafarki yana zubewa cikin 'yan mintoci bayan farkawa, abin da ya rage kuma zuciya tana cike gurbinsa da abin da ta ji a gari.

Masana barci sun bayyana wani ɓangare na wannan. Barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan kowane minti 90, kuma tun 1953 aka gano a Jami'ar Shikago cewa akwai matakin da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, wanda a nan ne mafarkai masu tsari suka fi yawa. Matakin yana ƙara tsawo wajen asuba. A cikinsa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro yana aiki sosai, sashen da ke auna magana ya ce wannan ba zai yiwu ba kuma ya yi sanyi, shi ya sa mai mafarki ke gaskata komai. Jiki kuma ana kashe masa ƙarfin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. In hankali ya farka kafin gaɓoɓin su saku, shi ne dannau: mutum na ganin ɗakinsa, ba ya iya motsi ko ihu, ƙirji ya yi nauyi, sau da yawa ya ga kamar wani na tsaye a kansa. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintoci, ba ya kisa. Rashin isasshen barci da kwanciya rigingine da damuwa suna ƙara shi. Wanda ya kama ya yi ƙoƙarin motsa yatsa ɗaya, ya daidaita numfashi, ya yi ta'awwuzi a zuci, in ya saku ya koma kan gefensa. Mutane da yawa an ɓata musu suna saboda wani ya ga inuwa cikin dannau ya laƙa mata fuskar wanda dama yake tsoro.

Yarinyar ta warke, ta dawo gida bayan kwanaki. Ba ta tuna komai daga abin da ta faɗa. Dagaci ya yanke cewa iyayen samarin su biya tukwane da kalwa su gyara danga, ya kuma gaya musu a fili cewa kundin dokar laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki tun 1960, ya sa kiran mutum maye laifi ne da ake iya ɗaure mutum a kai. Aka biya. Uban yarinyar ya je har gida ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yafe mana." Ta ce ta yafe.

Sai dai kada a ɗauka magana ta ƙare a nan. Wasu cewa suka yi ta ji tsoro ne ta saki kurwar a ɓoye. Cinikinta na cikin gari ya faɗi warwas, yara suka daina zuwa. Matar Malam ce ta riƙa aikawa a sayo mata da rana tsaka don a gani, wata dillaliya kuma ta riƙa kai mata sauran kasuwar Gujungu ranar Lahadi, inda ba wanda ya san labarin. Ɗanta ya ji, ya zo zai tafi da ita. Ta ƙi. Ta ce masa, "In na bi ka, na amsa ke nan. Nan aka binne ubanka da 'yan'uwanka." Ta ci gaba da dafa kalwarta. A hankali wasu suka dawo, wasu har yau ba sa cin abin da ya fito daga hannunta. Manyan matan da suka yi shekaru suna ƙus-ƙus a gaban yara, waɗanda a ganina su ne asalin mafarkin, ba wanda ya ce su biya komai.

Iya ta tsira ne saboda yarinyar ta rayu. Inda abin ya fi wuya shi ne in yaron ya mutu, kuma yana faruwa, domin wannan zazzaɓi yana kashe wasu ko an yi allurar a kan lokaci. Liman ko mai unguwar da ya samu kansa a haka kada ya jira a dawo daga maƙabarta, domin a hanyar dawowa ne taro ke juyawa gidan wadda ake zargi. Tun kafin a sanar da rasuwar a fitar da ita zuwa gidan dagaci ko wani gari, a sa dattawa biyu su zauna a ƙofar gidanta don kada a sa wuta, a sanar da hakimi da 'yan sanda. A karɓo takardar gwajin daga asibiti, a nemi ma'aikacin lafiyar ya zo zaman makoki ya faɗi da bakinsa abin da ya gani a jinin, a gaban kawunnai da kakanni, ba uban kaɗai ba. Kuma kada a mayar da ita gida a ɓoye da dare. A jira bayan sadakar bakwai, a raka ta da rana, liman a gaba, wani daga dangin mamacin a cikin masu rakiya.